Doki Da Kayan Doki: Tarihin Kwamfutar Gida Da Masu Sayenta

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Daura ran hawan Salla, ko lokacin bikin Gani, ya ga yadda dawaki su ke shan ado, har ido ya rasa wanda zai bari ya dubi wani. Yaro in ya gani sai ya ce ran da ya yi kuɗi doki zai fara saye. Amma dattijon da ya taɓa ɗaure doki a gidansa murmushi kurum ya kan yi, don ya san biyan kuɗin doki shi ne mafarin kashe kuɗi. In ka saya sai ka nemi sirdi da linzami da likkafa, da majayi da ragama da jalala. Bayan wannan ga harawa da dusa da kanwa kullum, ga yaron da zai riƙa yi masa ciyawa. Maƙeri da baduku da mai sayad da harawa duk a bayan dokin nan su ke cin abinci.

Har ila yau, dillalin dawaki gwani ba ya jawo maka doki sai ya tambaye ka abin da za ka yi da shi. Na sukuwa dabam, na hawan Salla dabam, na yawon ƙauyuka irin wanda malaman haraji su ke hawa a zamanin En'e shi ma dabam. In kuwa ka ce masa kaya za ka riƙa kaiwa kasuwar Mai'aduwa, sai ya ce maka jaki ya fi.

To, ya kai mai karatu, labarin da zan ba ka na wata na'ura ce wadda a ke kira kwamfuta, da yadda masu ƙera ta suka yi ta fama da tambayoyin nan biyu na dillali: wa zai saya, kuma wane kaya zai bukata bayan ya saya? Waɗanda suka san amsa sun ci riba, waɗanda suka kuskure sun yi hasara. Mu ma da mu ke tattalin 'yan kuɗinmu don mu saya wa 'ya'yanmu, in ba mu san amsar ba, hasarar a kanmu za ta faɗa.

Yadda Kwamfuta Ta Shigo Gida

Kwamfutocin farko ba abin sawa cikin gida ba ne. Wadda aka gama a Amurka a 1945, mai suna ENIAC, ɗaki guda ta cika, nauyinta kuwa ya kusa tan 30. Sai gwamnati da manyan makarantu da manyan kamfanoni ke iya mallakar irinsu. Sannu a hankali gwanaye suka yi ta rage girman kayan cikinta, har a 1977 kamfani uku na Amurka, watau Apple da Commodore da Tandy, suka fito da ƙanana waɗanda mutum ɗaya zai iya saye ya aza bisa tebur.

Daga nan sai masu ƙira suka shiga tunani. Akawu ya san abin da zai yi da ita a ofis, amma mai gida fa? Waɗansu suka ce lissafin kuɗin cefane zai yi. Waɗansu suka ce yara za su koyi karatu da ita. Waɗansu kuwa suka ce wasa kawai za a yi. Kowane kamfani ya zana hoton mai sayensa a zuci, ya ƙera na'ura daidai da hoton nan, ya kai kasuwa. Can ne fa aka ga wanda zatonsa ya yi daidai, gama sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Baturen Da Ya Sayad Da Doki Ba Sirdi

A Ingila akwai wani mai hikima sunansa Clive Sinclair. Shi mai sayen da ya sa a ransa shi ne talaka mai sha'awar sanin abin, wanda ba zai iya biyan kuɗi mai yawa ba. Saboda haka ya cire duk abin da zai sa tsada. Cikin watan Maris 1981 ya fito da wata 'yar ƙarama mai suna ZX81, kuɗinta kusan fam 70, in kuwa za ka harhaɗa da kanka, kusan fam 50. Ba ta da gilashin kallo, sai ka jona ta da talabijin ɗin gidanka. Ba ta da wurin adana aiki, sai ka jona ta da rikoda ka adana cikin kaset. Rumbun da ta ke riƙe abin da a ke gaya mata kuwa haruffa 1,024 kaɗai ya ke ɗauka, watau ko wasiƙa mai tsawo ba zai ci ba.

Mutane suka yi ta saye, har aka sayad da fiye da miliyan ɗaya da rabi. Amma da zarar mutum ya kai ta gida ya kwana biyu yana gwadawa, sai ya ga rumbun ya cika. Dole ya koma kanti ya sayi ƙarin rumbu, wani ɗan akwati da a ke maƙala mata a baya, mai ɗaukar ninki 16. Kuɗinsa da fari kusan fam 50. In yana son buga abin da ya rubuta a takarda, injin bugawa shi ma kusan fam 50. Ka ga kayan doki sun fi doki tsada ke nan. Ga shi kuma ɗan akwatin ba ya zama daram, in an ɗan girgiza tebur sai ya motsa, aikin da mutum ya wuni yana yi ya ɓace sarai. Sai masu ita suka riƙa liƙe shi da danƙo. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ƙananan kamfanoni da yawa, irin su Memotech, suka tashi ba su da sana'ar kome sai ƙera mata ƙarin rumbu da allon haruffa mai daɗin bugu.

A 1982 Sinclair ya fito da ƙanwarta mai launi, ZX Spectrum. Shi nufinsa mutane su koyi sarrafa kwamfuta, ashe yawancin waɗanda suka same ta samari ne 'yan makaranta, wasanni su ke so. Wasa kuwa yana bukatar wata 'yar sanda da a ke juyawa da hannu, ga shi na'urar ba ta da kafar da za a jona ta. Sai wani kamfani mai suna Kempston ya ƙera abin jonawa, ya yi ta cin kasuwa. Da Sinclair ya shiga wahalar kuɗi, a 1986 ya sayad da sunan kwamfutocinsa ga kamfanin Amstrad a kan fam miliyan 5. Abin da sabon mai ita ya fara yi shi ne ya duba kayan da mutane su ke ƙara mata, ya gina rikoda da kafofin sandar wasa a jikinta. Kasuwar kayan haɗi ce ta nuna masa ko su wane ne masu sayen na gaskiya.

Yaƙi Da Jahilci Irin Na Ingila

Kowa ya san gidan rediyon BBC, wanda ya fara magana da Hausa tun 1957. Yadda gwamnatin Jihar Arewa ta tayad da Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950 don manya su iya karatu da rubutu, haka BBC ta ga mutanen Ingila, ko da ya ke sun iya karatu, sun jahilci kwamfuta. Sai ta shirya koya musu ta talabijin, aka fara nunawa a farkon 1982. Ta nemi kamfanin da zai ƙera na'urar da za a yi darasin da ita, aka zaɓi wani ɗan kamfani na birnin Kambirij mai suna Acorn.

Su waɗannan sun san mai sayensu sarai, watau makaranta da uban da ya ke son ɗansa ya koya. Suka yi ta da ƙarfi yadda za ta jure hannun yara, suka sa mata allon haruffa na sosai irin na tafireta, suka bar mata kafofi da yawa don duk abin da malami zai so ya jona nan gaba. Iri biyu suka yi, ƙarama da babba. Ba da jimawa ba kuɗin ƙaramar ya tsaya fam 299, na babbar fam 399, amma duk da haka babbar mai yawan kafofi aka fi nema. Gwamnati kuma ta riƙa biya wa makarantu rabin kuɗi. Masu ƙira sun zaci za a sayi kamar 12,000, sai ga shi an sayi wajen miliyan ɗaya da rabi. Tsada ba ta hana ciniki in mai saye ya ga amfanin da zai samu. Ka riƙe sunan Acorn, za mu sake gamuwa da shi a kasuwar Daura.

Giwar Da Ta Yi Tuntuɓe

A wancan zamani kamfanin IBM na Amurka shi ne giwa cikin masu ƙera kwamfuta. Wadda ya yi don ofisoshi a 1981 ta karɓu ƙwarai. Sai ya ce bari ya yi wata don gida, ya sa mata suna PCjr, ta shiga kasuwa a farkon 1984. Amma yana tsoron kada ta yi kyau har 'yan ofis su bar babbar mai tsada su koma kanta. Saboda haka ya rage mata ƙarfi, ya sa mata allon haruffa mai ƙananan maɓallai marasa daɗin bugu, ya ƙuntata hanyar ƙara mata kaya.

Ƙaramar dala 669, babbar dala 1,269. Mai neman abin wasa ga yara ya ga ta yi tsada, gama a lokacin Commodore 64 ba ta kai rabin kuɗin ƙaramar ba. Akawun da ya ke so ya ƙarasa aikin ofis a gida kuwa ya tarad da yawancin ayyukan babbar ba su tafiya a cikinta sai ya ƙara kashe kuɗi. Kamfanin ya musanya wa mutane allon haruffa kyauta, ya rage kuɗi, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin watan Maris 1985 aka daina ƙera ta. Girman suna bai cece ta ba, don an ƙera ta ba a tsai da wanda a ke yi wa ba.

Da Ta Iso Ƙasarmu

Duk na'urorin nan an ƙera su ne don gida mai wutar lantarki dare da rana, mai talabijin, mai sanyi, marar ƙura. Da kwamfuta ta fara yawa a Nijeriya, ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu ta sauka, gidaje kaɗan ne ta shiga. Kayan haɗin da mu ke nema kuma ba irin na Turawa ba ne. Su ƙarin rumbu da sandar wasa su ke saye, mu kuwa sitabilaiza mai daidaita wuta, da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke, da janareto, da mayafin tsare ƙurar hunturu.

Ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa tara kuɗi na sayi wata ta gwanjo don yara, ban tambayi kowa ba. Ba ta yi wata biyu ba wuta ta zo da ƙarfi da dare ta ƙone ta. Mai gyara ya ce da na sayi sitabilaiza, wadda kuɗinta bai kai na gyaran ba, da ba a yi haka ba. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubad da ruwa.

Waɗansu 'yan ƙasa sun lura da wannan. A 2001 Leo Stan Ekeh ya fito da kwamfutar Zinox a Ikko, ya sa alamar naira a allon haruffanta, aka kuma shirya ta don ta jure hawa da saukar wutarmu. Mu Hausawa muna da wata bukata ta dabam. Tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 a ke fama da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Akawun da tafiretarsa ba ta da su ya kan buga, sa'an nan ya bi da alƙalami yana sa musu ƙugiya, don kada ɓari ya zama bari, ko ƙafa ta zama kafa. Kwamfutocin da aka kawo mana su ma ba su zo da su ba, sai daga baya aka sami dabarar sa su.

Sa'an nan ga labarin kwamfutar yara. A 2005 wani malamin Amurka, Nicholas Negroponte, ya ce zai ƙera wadda kuɗinta dala 100 ne, kowane yaro na ƙasashen matalauta ya sami tasa. Da aka nuna samfurinta a Tunis cikin shekarar nan, har da marfin juyawa da hannu don ta sami wuta, amma daga baya aka cire shi. A 2007 aka gwada ta a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja. Yara suka yi murna, suka koya da sauri. Sai dai kuɗinta ya tashi wajen dala 188, ga bukatar wutar caji, da intanet, da mai gyara, da koyad da malamai. Miliyan ɗayan da aka yi maganar Nijeriya za ta saya ba a saya ba. Niyya kyakkyawa ce, amma an yi lissafin doki an manta da harawa.

Wadda Ta Shiga Kowane Gida

Ashe kwamfutar da za ta shiga gidajenmu ta wata ƙofa za ta biyo. Cikin watan Agusta 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar hannu a Nijeriya. Da fari layi kaɗai ya kan kai naira 20,000, sai masu hali. Da Glo ta shigo a 2003 aka shiga gasa, kuɗi ya yi ta sauka, har waya ta kai Zango da Ɓaure da Sandamu da ƙauyukansu. Wayar nan ta shafawa da ke aljihunka kwamfuta ce sosai, ta fi duk waɗanda muka ambata ƙarfi nesa ba kusa ba. Ga abin mamaki kuma: ƙwaƙwalwar da ke cikin yawancinsu, tsarinta daga wanda gwanayen Acorn suka zana ne a 1985, mai suna ARM, wanda ba ya shan wuta da yawa.

Wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Transsion, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya yi abin da dillalin dawaki ya ke yi. Tun 2008 ya mai da hankalinsa kan Afirka, mutanensa suka zo suka duba yadda mu ke zaune. Suka ga mutum na yawo da waya biyu don wani layin ba ya kamawa a ƙauyensu, sai suka yi mai cin layi biyu. Ɗan kasuwar da ke ƙetare iyaka ta Kwangwalam, mai bukatar layin Nijeriya da na Nijar, ya san daɗin wannan. Suka ga wuta ba ta zama, suka sa batiri mai jimawa. Suka gyara kyamara ta riƙa fito da fuskar baƙin mutum sosai, suka sa Hausa cikin harsunan wayar. A 2017 suka wuce kowane kamfani yawan sayad da waya a Afirka. Ba su kuma bar cinikin kayan doki ga waɗansu ba, suka buɗe reshe mai suna Oraimo don caja da batirin ajiye wuta da abin sawa a kunne.

Shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ka duba rumfunan 'yan waya a Daura, ka ga abin da a ke saye. Ga mai caji da jerin wayoyi gaban janareto ko faifan sola, ga mai tura karatun malamai da finafinan Hausa cikin katin memori, ga mai liƙa gilashi, ga mai gyara. Su ne maƙera da dukawan wannan zamani. Kayan da ke gabansu sun isa su gaya maka halin mai saye: wutarsa ba ta zama, kuɗin intanet na yi masa nauyi, wayarsa kuwa so ya ke ta daɗe.

Abin Da Ya Kamata Mu Riƙe

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu da kwamfuta a ke yinta. A 2019 aka kafa kwalejin fasaha ta tarayya a Daura. Yaron da bai taɓa aza yatsa bisa allon haruffa ba, ran jarrabawa hannunsa zai yi rawa ko da ya san amsa. Saboda haka iyaye da yawa za su so su saya, ya kuwa kamata.

Amma kafin ka kwance lalitarka, 'yan'uwa, tambayi kanka abin da dillali zai tambaye ka. Wa zai yi aiki da ita, wane aiki kuma? In aika saƙo ne da sauraron karatu, waya ta isa. In koyon bugu ne da shirin jarrabawa, sai mai allon haruffa na sosai, wadda ke da batirinta. Sa'an nan ka ɗauki takarda da fensir, tun da Allah ya sa ka iya rubutu, ka jera kuɗin duk abin da za ta bukata: wuta, da abin tsare ta daga wuta, da intanet, da gyara. Ka tambaya ko akwai mai gyaranta kusa, ko sai an kai Katsina ko Kano. In jimlar ta fi ƙarfinka, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi guda, ko ka biya wa yaro kuɗin koyo a shago, wannan ba abin kunya ba ne.

Ku kuma samari masu neman sana'a, kada ku ce ba ku da jarin sayad da kwamfuta. Tarihin nan ya nuna waɗanda suka tsaya suka lura da abin da na'ura ta rasa, suka kawo shi, sau da yawa sun fi mai ƙera ta kwanciyar hankali. Ba kowa ke da doki ba, amma baduku bai taɓa kwana da yunwa ba a garin da a ke hawa.

Allah ya ba mu basirar sanin abin da zai amfane mu, ya sa albarka cikin abin da mu ke kashewa a kan 'ya'yanmu, amin.